Ƙunshin da Jaki Ya Kasa Ɗauka

Lawwali, Asabe, jikokina, ku ajiye wayoyin nan ku matso, tunda Allah Ya kawo ku yau.

A zamanin da, an yi wani sarki mai aika magani garuruwansa duk shekara. Masu ɗaurin kaya sukan zauna su zaɓa wa kowane gari abin da yake bukata. Aikin yana da kyau, sai dai jinkiri. Wata shekara annoba ta riga ayari isa, aka yi asarar rayuka.

Waziri Jatau ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah Ya ja zamaninka, hannun gwanaye ne ya yi mana kaɗan, raƙuma kuwa ga su birjik. A yi ƙunshi iri ɗaya mai komai a ciki, a aika wa kowa."

Aka yi haka, ayari ya riƙa fita da wuri, mutane suka tsira. Amma duk wanda ya zo sai ya ƙara abu, babu mai cirewa, don kwancewa aiki ne. Ƙunshi ya yi ta kumbura. In an yi magana, sai waziri ya ce a sayo raƙumi mafi ƙarfi.

To, akwai Inna Kuluwa, wadda ta goyi sarki, tana zaune ita kaɗai a kan wani dutse da jaki kawai ke iya hawa. Maganin ido take jira. Kullum tana bakin ƙofa tana sauraren takun jaki, shiru.

Da sarki ya ji shirun ya yi yawa, ya tafi da kansa, waziri na biye. Suka tarar da ƙunshi yashe a gindin dutse, jaki ya kasa hawa da shi. Sarki ya sa aka kwance: sirdi, tukwane, maganin cizon kada a inda ko rafi babu. Can tsakiya sai ga ɗan tandun maganin ido.

Ya hau da shi a aljihu. Kuluwa ta shafa fuskarsa ta ce, "Ɗan nan, muryarka na gane. Idon ya tafi tun damina."

Sarki ya sauko ya ce, "Waziri, dabararka ta ceci mutane, ba zan soke ta ba. Amma daga yau babu ƙunshin da zai bar fada sai tsohon jaki ya iya tashi da shi. Wannan kuwa, kai za ka mayar da shi gida a ka."

Ni ma ga tsohuwar wayata. Manhajar da nake jin muryoyinku da ita ta yi ƙiba, ta ƙi buɗuwa tun azumi. Kai Lawwali, haɗa irin wannan manhaja ne aikinka, kada ka sunkuyar da kai. Ka ce rage mata nauyi cin lokaci ne, sai dai sabuwar waya. Asabe ta ce sakaci ne. Ni dai kullum ina bakin ƙofa. Raƙumi za ku sayo mini, ko ƙunshin za a kwance? Ku yanke kafin ku tashi.