Mai Injin Ƙwai da Ya Kulle Tushen Manhaja

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Na san wasu za su ce ina ruwan mai wa'azi da kwamfuta. To, maganar amana ce, kuma ko an ƙi ko an so sai na faɗa.

Manhajar da ke daidaita zafin injinsa ba shi ya rubuta ta ba. Wasu bayin Allah ne suka rubuta, suka sake ta kyauta da sharaɗi a lasisinta: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka ga dama. Amma duk wanda ka ba injin, ka ba shi tushen manhajar, wato asalin rubutun da ake buɗewa a karanta a gyara, har da naka gyaran.

Ya ɗauka, ya gyara, ya goge sunayensu, ya kulle.

Ƙanwarsa mai kiwon kaji ta sayi injin. Ta nemi tushen don mai gyaran unguwarsu ya riƙa duba mata. Ya ce guminsa ne, wanda ya isa ya zo ya ƙwata.

Ta ce, "Yaya, ba alfarma nake roƙo ba. Haƙƙina ne."

Ya nuna mata ƙofa. Don tsoron sata, kwafin tushen ɗaya tak ya ajiye, a wata tsohuwar kwamfuta cikin durowa mai kwaɗo.

Da lokacin zafi ya zo, kuskuren da ke cikin gyaransa ya fito. Zafin injunan da ya sayar ya wuce ƙima, ƙwai suka dahu a tire. Ya ruga ya buɗe durowa, ashe yoyon rufi ya daɗe da kashe kwamfutar.

Ya bi gona-gona yana tambayar ko wani na da kwafi. Wa ya ba? Masu rubutun asali suka ce nasu yana nan a buɗe, amma gyaransa ba su taɓa gani ba. Ƙanwarsa kuwa ya same ta tana kwashe ruɓaɓɓun ƙwai da shebur, ko ɗagowa ba ta yi ba. A ƙarshe shagonsa ya rufe.

Kada wani ya ce mini tsautsayi ne. Cin amana ne! Wanda ya karɓa da sharaɗi ya yi alkawari, ko bai taɓa ganin fuskar mai bayarwa ba, kuma za a tambaye shi.

Allah ya kiyaye mu da danne haƙƙin da aka damƙa mana. Amin.