Kurege da Rumman na Inna Tasalla

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwa a buɗe.

Wata tsohuwa ce, Inna Tasalla, tana da lambu a bayan gari, da baƙin kare mai gadinsa. Kurege kuwa raminsa na nan gindin shinge. Kullum sai ya leƙo, ya yi ta tambaya.

"Inna, wannan fa?"

"Zogale ne. Ruwa na sauka a sare masa kai, sai ya yi rassa."

"Wannan fa?"

"Lalle ne. Sai ya yi duhu ake aske shi."

"Wannan fa, mai jajayen 'ya'ya?"

"Rumman ke nan. Ba a taɓa reshensa sai ya gama 'ya'ya. Ɗan nan, ka riƙa duban ganye, da ganye ake gane itace."

Ina! Kurege bai dubi ganye ba, 'ya'ya yake kallo, miyau na zuba.

Akwai wani ɗan rumman ƙarami a gefe. Ana tsakar bazara, rana na ƙuna, kare na barci, Kurege ya fizge shi ya kai ƙofar raminsa ya dasa. Kafin la'asar ya yi yaushi, washegari ya zama kara.

Ya koma da fuskar salihai. "Inna, wai me ke kashe dashe? Wani abokina ne ke tambaya."

Inna ta dubi ramin da aka bari, ta dubi ƙasar da ke faratansa. Ta ce, "Ka gaya wa abokin naka, sai ruwa ya sauka ake dashe. Da yamma, a ɗauko shi da ƙasarsa."

Da ya tafi, ta soka reshen bini-da-zugu, mai 'ya'ya masu sa zawo, a inda sauran 'yan rumman suke, ta kwashe su ta mayar wani gefe.

Ruwa ya sauka. Kurege ya zo da yamma, ya haƙa a hankali, ya ɗauke dashen da ya tarar da ƙasarsa. Dashe ya kama! Ganye ya fito faffaɗa kamar tafin hannu. Kurege ya ce, "Kai, takina ya fi na Inna. Dubi yadda rumman ya buɗe!"

Dashe ya yi 'ya'ya. Kurege bai jira su yi ja ba, ya fasa, ya ci, ya ci, ya ƙara ci.

Sai ciki ya ce ƙululu. Ya ruga bayan shinge, ya dawo, ya ruga, ya dawo, har ƙafafu suka daina ɗaukarsa. Ya ja jiki zuwa lambu neman magani, kare ya yi caraf ya danne shi.

Inna ta ce, "Yaya abokin naka? Dashe ya kama?"

"Ya kama, Inna, har ya kama ni!"

Kare ya buɗe baki zai haɗiye shi. Kurege ya ce, "Bismilla, yaya Kare, ci abinka. Amma ka sani, tun daga wuya har wutsiya cike nake da abin nan. Kana haɗiye ni, kai ma sai bayan shinge."

Ciki ya sake cewa ƙululu. Kare ya ja da baya, ya goge bakinsa a ciyawa. Inna na dariya har da riƙe ciki, Kurege ya sulale.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege, sai ya miƙe kan ƙafa biyu yana ƙare wa ganye kallo.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Wanda zai saci dashe, ya fara zama ya koyi ganye.