Mai Fitilar da Corey Bai Ƙarasa Ba

Akwai wata mata a garin Bendigo, Narelle Pascoe, wadda ɗanta Corey ya rasu a haɗarin babur yana da shekara ashirin da huɗu.

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi gaisuwa, ta wanke kofuna, ta koma aikinta na wanki a gidan tsofaffi. Abinci ma ci kawai take yi, kamar mai tauna takarda.

Sai bayan wata uku ta buɗe ɗakinsa. A kan tebur ga 'yan sojojinsa na roba guda ashirin, kowanne bai kai babban yatsa ba, duk ya yi musu fenti. Ɗaya ne ya rage ko burushi bai gani ba: jagoransu, wani tsoho ɗauke da fitila.

Ƙungiyar da Corey ke wasan yaƙin 'yan sojojin roba a kan tebur da su duk Asabar ta sa ranar tunawa da shi, za a jera rundunarsa. Amma suna da doka: sojan da ba fenti ba ya hawa tebur. Runduna kuma ba ta fita ba jagora.

Narelle ta dangwala wa fitilar fenti ruwan ɗorawa mai kauri, ta zuba sojojin a akwatinsu, ta kwasa zuwa zauren ƙungiyar.

Gavin, gwanin fentinsu mai kofunan gasa bakwai, ya ɗaga tsohon sama ya ƙanƙance ido.

"Maman Corey, wannan fitila ce, ko ƙwai ne ya fashe masa a hannu? Bar min shi, minti ashirin na gama da injin feshi. Har dabbaren nan na kumatun sojojin sai in goge miki. Na sha gaya wa yaron nan kuskure ne."

Dabbaren kam yana nan. Kowane soja da ɗan ruwan ɗorawa a kunci ɗaya da kafaɗa ɗaya, wani a hagu, wani a dama.

"Abin da ya taɓa, ba mai taɓawa," in ji Narelle. Ko fushi babu a muryarta.

Wani dattijo, Wal Dunstan, tsohon direban jirgin ƙasa, ya ajiye biredinsa mai tsiren alade.

"Gavin, rufe bakin nan kafin ƙuda ya faɗa. Zo nan, ƙanwata."

Ya kai ta ɗakin ajiye kujeru, ya ja ƙofa, ya kashe wuta, ya kunna tocila ya danƙa mata a daidai ƙirji.

"Ina hasken yake?" ya tambaye ta.

"A tocila mana."

"Dubi yatsunki. Dubi gaban rigarki. Bayanki fa, ya samu?"

"A'a."

"To haka za ki yi wa mai fitilar. Ki fara duhunta shi gaba ɗaya. Ki tsinka fentin da ruwa har ya zama kamar shayin marowaci. Shafa ɗaya, ki bari ya bushe, ki ƙara. Inda fitila ke kallo kaɗai. Kusa da ita ƙarfi, nesa da ita kaɗan."

Asabar shida tana zuwa. Sau biyu tana wanke fentin ta sake daga farko. Ba daɗin aikin take ji ba, ba kuma ƙinsa take ji ba. Shafa ɗaya, jira. Shafa ɗaya, jira.

Gavin in ya wuce sai ya leƙo: "Har yanzu ba a kawo wa tsohon wuta ba?"

Ita dai shafarta take yi.

Ranar taron Wal ya jera sojojin yadda Corey ya zana a murfin akwatin: goma nan, goma can, da gurbi a tsakiya. Narelle ta ajiye mai fitilar a gurbin, ta janye hannu.

Kowa ya matso kusa da teburin.

Na hannun dama, dabbarensu a kuncin hagu yake. Na hagu, a kuncin dama. Na kusa ya fi haske, na can ƙarshe da ƙyar ake gani. Duk suna fuskantar fitilar. Tun kafin Corey ya taɓa fitilar, ya riga ya shafa wa kowa haskenta.

Gavin ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Shekara guda ina ce masa kuskure ne. Maman Corey, ki yafe min. Da kin ba ni, da na goge."

Narelle ta bi sojojin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe jiran fitila suke yi," ta ce.

Wal ya miƙa mata shayi. Ta kurɓa ba ta hura ba. Ya ƙona mata harshe, kuma ta ji.

Darasi: Kada iyawarka ta sa ka kira aikin wani kuskure alhali ba ka ga ƙarshensa ba. Mai haƙuri ne kaɗai yake zama har abu ya bayyana. Iyaye 'yan'uwana, mu riƙa leƙa abin da yaranmu ke yi tun suna nan, mu tambaye su ma'anarsa. Don Allah ku tura wa wata uwa, ba ku san wadda ke zaune cikin duhu yau ba.