Dalilin da Ya Sa Jiriri Ke Zama a Rami

Dalilin da ya sa jiriri, jan tsuntsun nan mai cin ƙudan zuma, ya bar bishiya ya koma haƙa rami a gaɓar kogi kamar gafiya, shi zan gaya muku yanzu, tunda kun dame ni. Ku matso, amma a hankali. Yayarku Saudatu tun safe take kwance cikin ciyawa da kyamararta tana jiran ɗaya ya leƙo daga rami ta ɗauke shi hoto. In kuka kore mata su da surutu, ni ba ruwana, ku da ita.

A zamanin da, Jiriri a kan bishiya yake sheƙa kamar kowane tsuntsu, kuma bai taɓa sa ƙudan zuma a bakinsa ba. Fara ce abincinsa. Gidansa na kan wata ƙatuwar kuka a bakin kogi, reshe ɗaya da wata amya, wato gidan da mutane ke rataya wa zuma a bishiya. Mai amyar wani mutum ne, Jatau.

To, zuma abu ɗaya take tsoro a duniya, hayaƙi. In mai amya zai sha zuma, damin busasshiyar ciyawa yake cinna wa wuta ya hau da shi, ya tura hayaƙin ciki. Ƙudan su bugu su zube, shi kuma ya yanke saƙar, har da 'ya'yan da ke kwance a ciki. Don haka Sarkin Zuma ya kira Jiriri ya ce, "Maƙwabci, kai idonka na gani da nisa. Duk ran da ka hango hayaƙi ya nufo kukar nan, ka yi mana kuka, mu kwashe 'ya'yanmu mu tashi. Mu kuwa, maciji ko shaho ba mai taɓa sheƙarka muna raye."

Jiriri ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai mai sauƙi ne. Na ɗauka."

Haka suka zauna lafiya, har matar Jiriri ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku, jajaye tsirara, ko gashi ba su yi ba.

Wata ranar rani da hantsi, mafarauta suka sa wa dajin ƙetaren kogi wuta. Kun san in daji ya kama, fara ce ke tashi ko'ina. Jiriri na kan reshe yana gadi, ya hango farar nan tana tashi gaban wuta, yawunsa ya tsinke. Matarsa ta tafi neman abinci, ba wanda zai riƙe masa gadin. Ya dubi amya, shiru. Ya dubi hanya, ba kowa. Ya ce a ransa, yanzu zan je in dawo. Kai, kwaɗayi mabuɗin wahala! Ya tashi ya tafi.

Ashe Jatau ya daɗe yana lura da tsuntsun nan da ke tona masa asiri. Ganin reshe ba kowa, sai ya cinna ciyawarsa ya hau.

Ko da Jiriri ya dawo da baki cike da fara, amya a buɗe take, wayam. Ƙudan zuma sun zube a gindin kuka, wasu sun ƙone, wasu na ta juyi a ƙasa, hayaƙi ya bugar da su. Matarsa ta riga shi dawowa, ta baje fukafukai a kan 'ya'yanta. Farar ta zube daga bakinsa.

Sarkin Zuma na kwance a kan wani ganye, ko tashi ba ya iyawa. Ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Maƙwabci, ina ka je?"

Jiriri ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban daɗe ba."

"Ban tambaye ka daɗewa ba. 'Ya'yanmu suna cikin ƙwaryar Jatau. Naka fa?"

Jiriri ya waiwayi sheƙarsa.

Sarkin Zuma ya ce, "Naka suna nan lafiya, ina jin kukansu. To ka ji. Yanzu hayaƙi ya ɗaure mu. Amma zai sake mu, kuma ba da daɗewa ba. Da ya sake mu, sheƙarka za mu fara. Duk bishiyar da ka kai su a dajin nan, za mu same su."

Tsoro ya kama Jiriri. Ya tashi ya nufi tsamiya, ya nufi gawo, ya nufi ɗorawa, yana roƙon tsuntsaye su ɓoye masa 'ya'ya. Kowa ya juya masa baya. Kurciya ma, da duk haƙurinta, cewa ta yi, "Ayya, Jiriri, ni ma da ƙwai nake. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Ya dawo kan kukarsu hannu rabbana. A ƙasa, wasu ƙudan sun fara motsa fukafukai.

Matarsa ta ce, "Maigida, bar yawon nan, lokaci kake ɓata mana. Bishiya Sarkin Zuma ya ce, ko? Bai ce ƙasa ba." Ta nuna masa gaɓar kogi, inda ruwa ya janye ya bar bango tsaye na jar ƙasa.

Ya ce, "Rami? Mu da fukafukanmu?"

Ta ce, "To zauna ka riƙe fukafukanka. Ni 'ya'yana nake so."

Ta tafi ta soka baki a gaɓa. Ya bi ta. Suna sara da baki, suna turo ƙasa baya da ƙafa, in wannan ya gaji wancan ya karɓa. Ƙasar ta bushe, bakinsu ya yi jini. Can daga wajen kuka suka fara jin wani ɗan gunji ƙasa-ƙasa, yana tashi yana kwanciya. Su dai haƙa kawai suke.

Da ramin ya kai tsawon hannu, matar ta ce, "Ya isa, ɗauko su." Ta zauna ciki tana faɗaɗa ƙarshensa. Jiriri ya tashi ya ɗauko na fari a baki ya kawo. Ya koma ya ɗauko na biyu. Wannan karon ƙudan sun fara tashi kaɗan suna faɗuwa, ɗaya ma ya bugi fiffikensa. Da ya koma na uku, gindin kuka ba ƙuda mai rai ko ɗaya a ƙasa. Duk suna sama, sun yi baƙi ƙirin a kan reshe, suna jiran sarkinsu ya tashi.

Auta na cikin sheƙa shi kaɗai, ya buɗe baki yana tsammanin fara aka kawo masa.

Jiriri ya runtse ido ya faɗa tsakiyarsu, ya cafki autan ya juya. Gunjin ya tashi gaba ɗaya a bayansa. Ku tuna bakinsa a cike yake, ba ya iya sara, ba ya iya ko kuka. In ya buɗe baki, ɗansa ya faɗa kogi. Aka harbe shi a baya, aka harbe shi a ƙeya, aka sake harbinsa. Idonsa ya fara ganin duhu. Bai buɗe bakin ba. Da ƙyar ya gane ramin, ya cusa autan ciki, ya juya da baya ya shige, ya toshe ƙofar da jikinsa, baki a waje.

Nan ne dabarar matar ta yi rana. Ramin ƙunci gare shi, dubun ƙuda ba sa shiga tare, sai ɗaya bayan ɗaya. Na farko da ya zo, Jiriri ya cafke ya haɗiye da rai. Ƙudan ya harbe shi a maƙogwaro, wuyansa ya kumbura ya yi shuɗi, numfashi ya nemi gagararsa. Ya fara sulalewa, ƙofa ta fara buɗewa.

Matarsa ta tokare shi ta baya ta ce, "Kada ka faɗi! Kuma kada ka ƙara haɗiyewa da rai. Buga shi da bango, ka goge ƙarin harbinsa, sannan!"

Na biyu ya zo, ya kama, ya buga, ya goge. Na uku haka. Haka aka yi ta yi har rana ta yi sanyi, gawar ƙuda ta taru a ƙasan gaɓa. Sai Sarkin Zuma ya tsai da mutanensa, ya zo ya tsaya a iska daidai bakin ramin.

Ya ce, "Ya isa. Na rasa 'ya'ya, ba zan ƙarar da manya ba. Zauna a raminka. Amma duk ran da kai ko jikanka ya ɗora tsinke a kan reshe da sunan sheƙa, muna nan."

Jiriri ya so ya ba shi haƙuri, maganar tana bakinsa, amma wuya ya kumbura, murya ta ƙi fita. Sarkin Zuma ya jira kaɗan. Da bai ji komai ba, ya juya ya tafi da jama'arsa. Ni wannan wurin ne yake ba ni tausayi, fiye da harbin.

'Ya'yan nan uku duk sun rayu. A cikin duhun rami suka yi gashi, kuma abin da suka fara ci da suka buɗe ido, ƙudan zuma ne da uwarsu ta tsinto a ƙasan gaɓa.

Shi ya sa har yau jiriri bai sake ɗora tsinke a bishiya ba, sai rami a gaɓa. Shi ya sa wuyansa shuɗi ne, kuma ba ya haɗiye ƙudan zuma sai ya buga shi ya goge. Ku tambayi Saudatu ta nuna muku a kyamararta, ta kama ɗaya yana cikin yi. Kuma in rani ya yi aka sa wa daji wuta, za ku ga jiriri sun taso daga ko'ina sun nufi hayaƙin suna ta kuka. Mutane na cewa fara suke bi. Da farar, ban musa ba, hali zanen dutse. Amma ku saurari kukan da kyau. Gargaɗin nan ne da ya ɗauki alkawarin yi, yake ta yi har yanzu, bayan an riga an kwashe amya.