Daddawar Iya Tabawa a Gaban Alƙali

An ce wai a wani gari na bakin titi an yi wata dattijuwa mai suna Tabawa, wadda ta shekara talatin tana sana'ar daddawa. Wata ranar kasuwa da hantsi ta ɗauko ƙwaryarta cike da ɗanyar daddawa, tana tafe a gefen hanya, sai wata farar a-kori-kura ta kwaso ta ta watsar. Ƙwarya ta daki gaban motar ta tarwatse, direba kuwa ko waiwaye bai yi ba.

Jama'a suka kai ta asibiti aka ɗaure ƙafar da ta karye. Tana cikin azaba, amma hankalinta bai gushe ba. Ta ce wa 'yarta Kuluwa, "Ki je ki tsinto mini sakainun ƙwaryar nan duka, ki adana takardar likita, sannan ki kai wa 'yan sanda magana tun yau." Kuluwa ta yi yadda aka ce, ko da yake a ranta tana ganin tsufa ne ya sa uwarta damuwa da fasasshiyar ƙwarya.

To, farar a-kori-kura biyu ce kacal a garin. Ɗaya ta Sallau ce, sarkin ganganci, wanda motarsa duk ta lotse. Ɗayar ta Malam Jatau ce, mutum mai tsabta da sanyin murya. Kafin azahar gari ya gama yanke wa Sallau hukunci, har ana shirin ƙwace masa tuƙi, abincinsa da na 'ya'yansa shida ke nan. 'Yan dubiya suka dinga matsa wa Tabawa ta ambaci sunansa a huta. Abin ya dame ta ƙwarai, don tana son haƙƙinta, tana kuma tsoron ɗaukar alhakin wani.

Ranar shari'a aka kawo ta a keken marasa lafiya gaban Alƙali Bawa. Ya ce, "Iya, wa ya buge ki?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, fari na gani, sai ƙasa. Fuska kam ban gani ba, ba kuma zan ari idon mutanen gari in yi rantsuwa da shi ba."

Wurin ya ɗauki gunaguni, ana cewa tsohuwa ta kashe maganarta da bakinta. Alƙali bai kula su ba. Ya duba sakainun da Kuluwa ta baje a gabansa, ya harhaɗa su, ya ga saura ɗan ɓalli ɗaya a bakin ƙwaryar. Ya tambayi abin da ke ciki, aka ce ɗanyar daddawa ce da ba a shanya ba. Sai ya yi murmushi, don shi ma da daddawa mahaifiyarsa ta raine shi.

Ya sa aka jera motocin biyu a tsakiyar rana, aka tayar da injinsu, aka bar su suna ta kuka. Ta Sallau na nan da ƙurarta, ta Jatau kuwa an wanke ta fes har tana ɗaukar ido. Mutane suka tsaya suna gumi, wasu na raɗa cewa alƙali ya rasa abin yi. Da injin ya yi zafi sai wani wari ya fara tashi daga gaban motar Jatau, ƙudaje suka yi mata caa. Tabawa ta shaƙa, ta ce, "Wallahi tawa ce! Ni kaɗai ke barinta ta kwana huɗu a rufe."

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai nakan ɗauko wa mata daddawa zuwa kasuwa."

Alƙali ya ce, "A baya ake loda kaya, Malam Jatau, ba a bakin injin ba. A buɗe."

Aka buɗe, aka tarar da daddawa ta maƙale a ragar lagireto, inda ruwan wanki bai kai ba, ga ɗan ɓallin sakaina a tsakiya. Alƙali ya ɗora shi a bakin ƙwarya, ya zauna daram. Jatau ya durƙusa ya ce tsoron taron jama'a ne ya sa shi gudu.

Alƙali ya ce, "Bugun tsautsayi ne, yana iya faɗa wa kowa. Gudun kuwa kai ka zaɓa, shi ne laifinka, hukuma za ta ji da kai a kansa. Jinyar Iya tana wuyanka, kuma duk ranar kasuwa kai za ka kai mata daddawarta har ta taka ƙafarta."

Sallau ya fashe da kuka, ya zo ya tsuguna gaban Tabawa yana godiya. Ta ce masa, "Tashi, ɗan nan. Ka dai rage gudu, don na ga gari a shirye yake da kai."

Bayan wata uku ta miƙe, ta koma kasuwa da sabuwar ƙwarya, ciniki kuwa ya ninka, kowa na son ɗanɗana daddawar da ta ba da shaida.

Wanda aka cuta, ya adana abin da ya rage a hannunsa, ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani. Gaskiya ko an wanke ta da sabulu, ranar da ta ji zafi sai ta tashi.