Shatin Hannu a Bangon Baba Gambo

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai. Kada kuma wani ya ce mini "ai duk ɗaya ne", na san halinku.

Baba Gambo tsohon direban jirgin ƙasa ne. Allah bai ba shi haihuwa ba, amma ya riƙi 'ya'yan ƙanensa uku har suka zama mutane: Kande mai sayar da abinci, Shu'aibu ma'aikacin jinya, da autarsu Barira wadda ta zama lauya. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, aka kai shi wani gidan kula da tsofaffi mai sabon fenti da furanni a ƙofa. Duk wanda ya ce masa ya jiki, sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Irin dattawan nan ne da ko wuta na cin rigarsu ba za su ce da zafi ba. Yana ta ramewa, ana cewa tsufa ne.

Kande ce ta fara ganewa. Ran nan ta kai masa kunu, sai idonta ya faɗa kan bangon gefen gadonsa. Ga shatin tafin hannu biyu a wuri ɗaya, har ya yi duhu. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ga buta a bushe da yanar gizo a bakinta. Ashe taimama yake yi, mutumin da ko a dokar daji jirgi ya tsaya sai ya nemo ruwan alwala. Ta ce a ranta, wanda ba a zuba wa ruwa a buta, wa zai yi masa wanka, wa zai juya shi? Ta fito da hawaye ta kira ƙannenta.

Shu'aibu ya zo ya ce zai duba jikinsa. Baba ya ƙanƙame bargo don kunya. Shu'aibu ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini," ya juya shi. Gyambon kwanciya ne a gadon bayansa, ya ci ya kusa ƙashi. Shu'aibu ya ɗauki hoto, ya kira likita ya rubuta rahoto da kwanan wata, sannan ya sungumi tsohon zuwa asibiti, shugaban gidan na tare ƙofa, shi kuwa yana ture shi. Likita ya ce da an ƙara mako guda, da sai dai a yi musu gaisuwa.

Barira ta shigar da ƙara. Lauyan gidan kuwa ya san halin dattawanmu, sai ya ce a tambayi tsohon da bakinsa ko an cuce shi. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, sun yi ƙoƙari." Shari'a ta kusa lalacewa. Sai Barira ta miƙe ta ce, "Baba, yaushe rabonka da alwala da ruwa?" Ta san zai rufa wa kowa asiri, amma ba zai yi ƙarya a kan sallarsa ba. Sai ya ce, "Tun kafin azumi." Wata huɗu ke nan. Daga nan sauran magana ta fito, kotu ta rufe gidan, aka kwashe tsofaffi goma sha bakwai.

Saura magana ɗaya: a hannun wa za a danƙa Baba? Kowannensu ya ce gidansa. Alƙali ya tambaya, "Wa ya kai shi can tun farko?" Su ukun suka sunkuyar da kai, don tare suka sa hannu a takardar. Aka juya ga Baba, ya ce shi ba ya zaɓe a cikin 'ya'yansa.

Ba don idon Kande ba, da babu wanda ya sani. Ba don Shu'aibu ya keta kunya ba, da an binne shaidar tare da mai ita. Barira kuwa tambaya ɗaya ta yi, amma ita ta rufe gidan. To, ga tsoho a kan keken guragu a ƙofar kotu, rana na dukansa. A cikin ukun nan, wa ya fi cancanta ya tafi da shi gida?