Tafintan da Ya Ce "Ya Yi Nisa"

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Tanimu, a wani gari can da daɗewa, zamanin da likitan asibiti Bature ne. Tanimu ne tafinta. Turancin nasa kuwa na tsince-tsince ne, a kasuwa da tasha ya haɗa shi, amma da shi yake ciyar da iyalinsa.

Akwai wani manomi, Jibo, da ya daɗe kwance a asibitin da ciwon ƙirji. Wata safiya likita ya duba shi, ya yi murmushi, ya ce, "He has come a long way." Tanimu ya tsinci kalmar nisa a ciki, ya juya wajen Tabawa, matar Jibo, ya ce, "Inna, likita ya ce ya yi nisa."

Jama'a, kun san abin da Bahaushe ke nufi in ya ce majinyaci ya yi nisa. Tabawa ta yi salati, ta zauna dirshan a ƙasa. Ta aika wa 'yan'uwa su zo da amalanke, ta ce gara ya cika a ɗakinsa. In kuwa aka fitar da shi, magani ya yanke ke nan, mutuwar da ake gudu ta samu hanya.

To, ku saurara. Murmushin nan ya hana Tanimu sukuni. Wa ke murmushi yana ba da labarin mutuwa? Zuciya ta ce masa ya yi shiru, Baturen nan mai zafin rai ne, in ya gane ramar Turancinsa, aiki ya tafi. Ya je ƙofar ofis ya juyo. Ya sake komawa. Daga ƙarshe ya shiga, ya ce bai fahimci maganar ɗazu ba, kuma ya riga ya fassara ta.

Ya sha faɗa, ya sha faɗa har ya gode Allah. Sannan likita ya bayyana masa cewa Bature na faɗin haka ne in mutum ya samu ci gaba sosai daga inda ya faro.

Tanimu ya fita a guje, ya tarar har an ɗora Jibo a amalanke.

"Inna, ku sauke shi, kuskurena ne. Ciwo ya yi wa nisa, ba duniya ba. Sauƙi yake samu."

Tabawa ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya shirye ka, ka kusa sa ni takaba da mijina a raye."

Jibo da ƙafarsa ya koma gida, damina ta same shi a gona. Tanimu ma ba a kore shi ba.

'Yan'uwa, faɗin "ban sani ba" bai taɓa rage wa bawa arzikinsa ba. Mu nawa ne a nan aka tambaye mu fatawa, ko magani, ko hanya, muka ƙaga amsa don kada a raina mu? In ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba, koma ka tambaya, ka dawo ka gyara, tun amalanken bai bar ƙofa ba.